Kwalabe Marasa Suna

Ranar hutu wani ya shiga ɗakin gwaji na asibitin unguwarmu, ya buɗe firiza, ya ɗauke akwatin jinin yara.

Washegari da hantsi aka aiko mini. Ni mai bin sawu ne. Da ƙuruciya na bi shanun da suka ɓata, daga baya na koma bin waɗanda suka ɓatar da su. Yanzu gwiwa ta ƙi, amma ido bai ƙi ba.

Na tarar da ƙofar asibiti maƙil da iyaye. Jinin na 'ya'yansu ne, samari da 'yan mata masu ƙurajen fuska. Wata likita ce ta ɗiba don bincike, tana kuma ba su magani. Wasu na cewa sayar da shi ta yi. Wasu na cewa Kafinta ne, don shi ya cire makullin ɗakin zai gyara, ya bar ƙofar ɗaure da waya har a dawo hutu.

Shugaban asibiti ya ja ni gefe, gumi na bin wuyansa.

"Baba, kafin rana ta faɗi. In ba a ga akwatin nan ba, zan rufe aikin Likita gaba ɗaya, in miƙa Kafinta ga 'yan sanda. Ba zan zuba ido a ƙona mini asibiti ba."

"Duk waɗannan mutanen ta nan suka bi?"

"Ta nan."

"To, sun tattake mini rabin aikin."

* * *

Likitar 'yar ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba. Idonta ya yi ja, amma ba ta yi kuka a gabana ba. Wannan ya yi mini.

"A sake ɗiban wani mana," na ce. "Yaran ai suna nan, jininsu bai ƙare ba."

"Ba zai yiwu ba, Baba. Wancan na ɗiba ne kafin su fara shan magani. Yanzu sun fara, na jikinsu ya riga ya canja. In wancan ya tafi, babu abin da zan gwada na ƙarshe da shi. Kuma ko an samo shi, muddin ya narke ya ɗumama, ya tashi daga aiki."

Na sa ta kashe fitila ta ɗage labule. Na kwanta na ɗora kumatuna a ƙasa. Siminti mai santsi ba ya riƙe sawu, sai dai in mutum ya shigo da abin da zai bari. Wannan ya shigo da garin katako a ƙasan takalminsa, ya manne ya bushe.

Namiji ne, mai nauyi, takalmin roba. Bai yi diri-diri ba, daga ƙofa firiza ya nufa. Amma daga nan abin ya ɗaure mini kai. Ya je taga, ya dawo firiza. Ya sake zuwa taga, ya sake dawowa. Haka ya yi ta yi har sawun ya hau kan juna. Ɓarawo sauri yake yi, wannan kuwa ya daɗe kamar ɗakin uwarsa.

Da na tashi sai na ga wani abu a ƙofar firizar. Yankin buhu ne, an ninke shi da kyau, an cusa shi a gefe.

"Wannan naku ne?"

Ta matso ta duba. "Robar ƙofar ce ta yage tun tuni, sanyi na zurarewa ta nan. Amma buhun ba namu ba ne. Ban ma lura da shi ba."

Na bar shi inda yake.

* * *

Mai gadi na tsaye a ƙofar baya, ya ƙame kamar za a ɗauke shi hoto.

"Wa ya shigo jiya?"

"Babu kowa, Baba. Ko kyanwa."

"Ka yi barci?"

"Ni? Idona biyu kamar na mujiya."

"Mujiya da rana barci take yi."

Ya sosa ƙeya. "To, na ɗan je cin abinci. Amma kafin nan da bayan nan, wallahi baƙon ido bai wuce ni ba."

Na duba ƙafarsa. Siririya ce kamar ta zabuwa. Ba shi ba ne.

* * *

A tsallaken titi akwai wata mai sayar da man shafawa. Mutane sun ce tana jin haushin Likita, don ta ɗauke mata 'yan mata. Na same ta tana fifita da kwali.

"Baba tsoho, har da ni? Ni da ko kaza aka yanka sai na kau da kai? Zauna, in ba ka man da zai goge maka wannan tamojin, ka koma saurayi."

"Tamojina na nan inda na ajiye shi. An ce ciniki ya ja baya."

"Ya ja, ban musa ba. Ko Auta, 'yar Mai Ƙanƙara, da ta daɗe tana shafa nawa, ta koma can. Amma in gaya maka tsakani da Allah, ban ji zafi ba. Yarinyar nan ta daina fita, ta juya madubin ɗakinta ya kalli bango. Nawa bai yi mata komai ba. Yanzu ga ta tana wucewa ta nan har da gaisuwa." Ta miƙo mini kwalbar lemo. "Sha, sai dai da ɗumi. Uban nata bai ba kowa ƙanƙara yau ba. Ga janaretansa kuma tun jiya ya hana mu sakat."

Na kalli takalminta mai tsini. Na sha lemon. Da ɗumi kuwa.

* * *

An zaunar da Kafinta a ɗakin ajiya, an sa masinja a bakin ƙofa. Da ya gan ni ya miƙe, bakinsa na rawa.

"Baba, ni makulli aka ce in gyara. Me zan yi da jini? Ko fenti ba zai yi ba."

"Ɗaga ƙafarka."

Takalmin roba ne, girman ma ya yi kusa. Zuciyata ta ce shi ne. Amma ni ba da zuciya nake aiki ba. Na zazzage naɗin wandonsa a tafin hannuna. Garin katakon da ya zubo fari ne, busasshe, yana ƙanshin sabon itace. Na hura shi ya tashi. Na ɗakin gwaji kuwa baƙi-baƙi ne, ya sha ruwa ya bushe ba sau ɗaya ba, shi ya sa ya manne.

"In ka share shagonka, ina garin yake zuwa?"

"Kowa ya zo ya kwasa. Masu kiwon kaji, masu ƙanƙara, har mai wankin mota."

Na riga na sunsuna na ɗakin gwaji. Babu warin kaji, babu na baƙin mai. Ruwa kawai.

"Zauna," na ce masa. "Ka daina rawar baki, tana sa ka kama da mai laifi."

* * *

Na koma wajen Likita, don maganar taga ba ta bar ni ba. Na same ta a kan tebur da wani farin faranti mai ƙananan ramuka jere-jere kamar saƙar zuma.

"'Yan kwalabe kaɗan ne da na ware a ƙaramin firji kafin hutu," ta ce. "Gara hannuna ya samu abin yi."

"Ina jinin? Wannan ai ruwa ne."

"Ruwan jinin ne. Inji ke juya shi, jan ya kwanta ƙasa, wannan ya taso."

"Me kike nema a ciki?"

Ba ta yi mini irin bayanin da ake yi wa tsoho don a sallame shi ba. Ta ajiye abin hannunta ta fuskance ni.

"A cikin jini akwai sojoji masu tsaron jiki. Ba su da baki, don haka da wasu ƙananan sinadarai suke aika wa juna saƙo. Ni 'yan aike nake ce musu. In ƙofar gashi ta toshe a fuska, ƙwayar cuta ta samu wurin zama, sai ɗan aike ya fita a guje: ku zo, ga abokin gaba. Sojoji su taru a wurin, ya kumbura, ya yi ja, ya tara mugunya. Wani jikin kira ɗaya yake yi ya yi shiru. Wani kuwa sai ya yi ta kira. Abin da nake bi shi ne, ko wanda fuskarsa ta fi tsanani shi ya fi yawan 'yan aiken nan a jini."

"Kin taɓa ganinsu?"

"Ba a ganinsu, Baba. Sai dai sawunsu. Tsaya ka gani."

Ta ɗiga wani ruwa a kowane rami, muka jira. Ina kallo, babu wanda ya taɓa farantin, ruwan da yake garau ya fara yin shuɗi. Wani ramin kaɗan, kamar an wanke tsumma a ciki. Wani kuwa ya yi ta tsananta har ya yi duhu. Ta sake ɗiga wani abu, duka suka juye rawaya a lokaci guda.

Na tsufa ina bin sawun abin da ke da ƙafa. Na san akuya mai ciki daga takunta, na san mutumin da ya waiwaya yana gudu. Ga sa'ar 'yar cikina tana bin sawun abin da ba shi da ƙafa, ba shi da inuwa, a ɗigon da bai kai hawayen jariri ba. Ashe ƙurjin da muke ce wa yaro ya je ya wanke fuska, yaƙi ne ake yi a ƙarƙashinsa, da kira da amsawa. Kuma irinsu suna cikin nawa jinin, suna ta kai da kawo tun ranar da aka haife ni, ban taɓa jin motsinsu ba. Na cire hulata, ban san na cire ba.

"Wa ya riga wucewa," na ce, "ƙurjin ko ɗan aiken? In sawu biyu suka bi hanya ɗaya, sai an san wanda ke sama."

Ta dube ni sosai. "Abin da ban sani ba ke nan. Shi ya sa nake son jinin farko da na ƙarshe."

Na nuna ramin da ya fi duhu. "Wannan na wane yaro ne?"

"Ban sani ba."

"Ke kika ɗiba, ba ki sani ba?"

"Da gangan ne. Babu suna a jikin kwalaben, lamba ce kawai. In na san na wane ne, idona zai iya ganin abin da raina ke so. Kowane yaro ya san lambarsa, sai kuma wani likita a wani asibitin. Ni ko an matse ni ba zan iya ware na kowa ba." Ta nuna firizar. "Wani abu kuma, Baba. Na duba ma'aunin firizar. Duk daɗewar da ka ce ya yi, sanyin bai sauka ba. Ke nan duk fitarwar da zai yi sai ya rufe ƙofar."

Na juya na kalli tagar. Nan hasken ya fi yawa. Wanda ya yi ta zuwa wurin, kwalba yake ɗagawa yana neman suna.

Na mayar da hulata.

* * *

Shagon Mai Ƙanƙara na bayan layin masu kayan miya. Tun daga nesa janareta ke ruri. A ƙofa an jibge ƙanƙara cikin garin katako, an lulluɓe da buhu, tana ta narkewa, ruwan na bin kwata.

Wata budurwa ce ke share ruwan. Ƙuraje sun cika mata haɓa da kumatu, manya, jajaye, wasu sun fara bushewa. Ta gaishe ni kanta a ɗage. Na gane ita ce Auta.

Ubanta ya fito, ƙato, hannuwansa sun tsattsage saboda sanyi.

"Yau babu ƙanƙara, Baba."

"Na gan ta tana tafiya a kwata. Injinka ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To me ya fito da kayanka waje?"

Ta bayansa na hango babbar firizarsa a rufe, da yankin buhu a ninke a bakin murfin. Ninki iri ɗaya.

"Shugaban asibiti na son ganin duk mai shiga ta ƙofar baya," na ce. "Da yamma. Kada ka kashe janaretan."

Ya dube ni, na dube shi. Shi ya fara sauke ido.

* * *

Aka taru a zauren jira. Shugaba da Likita na gaba. Mai gadi, Kafinta, mai man shafawa da Mai Ƙanƙara na kan benci ɗaya. Iyaye da 'ya'yansu sun cika sauran wurin har bakin tagogi.

Ban iya dogon jawabi ba.

"Ba sayar da jinin aka yi ba," na ce. "Mai sayarwa ɗauka yake ya fita. Wannan ya tsaya yana ɗaga kwalba ɗaya-ɗaya a hasken taga. Ta mutum ɗaya ya zo nema. Bai ga suna ba, ya kwashe duka. Kafinta, tashi ka tafi. Garinka busasshe ne, na ɓarawon jiƙaƙƙe."

Kafinta ya miƙe, amma bai tafi ba. Ya koma bayan mutane yana leƙe.

"Ni fa?" in ji mai man shafawa.

"Ke lemonki ne kawai laifinki."

Aka ɗan yi dariya, ta mutu da wuri. Na juya ga mai gadi.

"Ka ce baƙon ido bai wuce ka ba. Wanda ba baƙo ba fa?"

"To, ai sai Mai Ƙanƙara da ya kawo ƙanƙarar ɗakin magani. Amma shi kullum ne, Baba, shi ai ba a..." Ya rufe bakinsa da hannu.

Na ɗaga yankin buhun da na karɓo daga Likita.

"Na bi ɓarayi da yawa. Ban taɓa ganin wanda ya yi sata a firiza, sannan ya tsaya ya toshe mata inda sanyi ke zurarewa ba. Hannu ne ya yi abin da ya saba, mai shi bai ma sani ba."

Mai Ƙanƙara ya miƙe a hankali.

"Yana nan," ya ce. "Bai narke ba."

Hayaniya ta ɓarke. Likita ba ta tsaya jin ta ba, ta kama hanya, shi kuma ya bi ta da baronsa. Ba su daɗe ba suka dawo da kula cike da ƙanƙara. Ta buɗe a gaban kowa, ta zaro kwalba ɗaya ta ɗaga. Daskararre kamar dutse. Ta zaro wata, ta zaro wata. Duk a daskare suke.

"A can ƙasan injinsa ya sa shi," ta gaya wa Shugaba. "Ya fitar da kayansa kaf don kada ya riƙa buɗewa. Ko a wajena bai samu wannan sanyin ba."

"Duk da haka sata ce," in ji Shugaba.

"Sata ce," in ji Mai Ƙanƙara. "A kai ni inda za a kai ni. Amma ku ji. Yarinyar nan tana goye uwarta ta rasu. Da ƙurajen nan suka taso mata, kullum da safe ni nake naɗe ƙanƙara a ƙyalle in ɗora mata a kumatu. Sai kawai na ji a bakin mutane wai an ɗebi jininta, ban sani ba, za a kai shi inda ban sani ba. Nata kaɗai na zo ɗauka. Na duba, na duba, babu suna. In zubar? 'Ya'yan mutane ne. In mayar? Nata na ciki." Ya juya ga Likita. "Ki ba ni na 'yata. Sauran ki yi abin da kika ga dama."

"A ba mu namu mu ma!" wata mata ta ɗaga murya daga baya. Wasu suka amsa mata.

Na so Likita ta ɓoye ƙa'idar. Ba ta ɓoye ba.

"Duk mai jini yana da ikon karɓar abinsa," ta ce. "Ba sai ya ba ni dalili ba, kuma ba zan hana shi magani ba. Amma mai jinin ne zai karɓa, da bakinsa. Ya faɗi lambarsa, in miƙa masa."

Na dubi fuskokin iyayen. In kwalba ɗaya ta fita daga akwatin nan, sauran za su bi ta kafin duhu. Na samo mata jinin, amma wannan ba sawu ba ne, babu abin da zan iya yi.

"Auta," in ji ubanta. "Zo nan."

Ta ratso mutane ta tsaya a gabansa. Ba ta rufe fuskarta ba. Samari da 'yan matan da ke jingine da bango, kowa da nasa ƙurajen, duk ita suke kallo.

"Faɗi lambarki, mu tafi gida."

"Abba, an ce ƙazanta ce, na wanke fuskar nan har ta yi jini. An ce abinci ne, na bar ci. An ce baki ne. A ɗakin can ne aka fara ce mini, zo mu duba mu gani."

"Ba tarihi na tambaye ki ba, uwata. Lambarki."

Ta kalli tsattsagaggun hannuwansa. Ta kama ɗaya ta riƙe da nata biyu. Muryarta ba ta yi ƙarfi ba, amma har na bakin taga sun ji.

"Ba zan faɗa ba, Abba."